Garwashin da Na Binne a Kan Dutse

Mun bar Al Wukair, kusa da Doha, ana kiran assalatu, mota biyu, ɗaya ta mutane, ɗaya ta kaya. Ni ina cikin ta kayan. Ko a wannan lokacin zafi bai kwanta ba. Laimar teku ta kwana a gari, gilashin mota yana ta zufa kamar mutum. Mun bi ta gefen sabon filin ƙwallo, ma'aikata suna sauka daga bas da rigunansu masu ƙyalli, don a bazara da sassafe ake aikin waje, kafin rana ta hana. Saura shekara guda da 'yan watanni a buga gasar cin kofin duniya, duk inda ka duba tono ne da shinge.

Mu huɗu ne. Akwai Maigida, wato kafil ɗina, mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, tsohon Balarabe mai ciwon gwiwa da ƙarancin magana. Akwai matarsa, wadda duk muke kira Mama. Sai direban gidan, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya iya Turanci, ya iya waya, ya kuma iya surutu. Sai ni. Aikina a gidan wuta ne. Ni ke hura gawayin gahawa, ni ke sa garwashin turare a kasko, in hunturu ya zo aka kafa tanti a sahara ni ke gasa nama. Shekara tara ke nan. Ban yi boko ba, amma ba wanda ya taɓa cewa gahawata ta ƙone.

Bara ba wanda ya fita saboda korona. Cutar ta tafi da ƙanin Maigida, tun daga nan tsohon ya daina zama a majalisa, wato zauren baƙinsa. Da aka buɗe hanya bana, 'ya'yansa suka kama masa gida a wani ƙaramin gari a kan duwatsun kudancin Turkiyya, ya je ya sha iska wata guda. Ya ce ba zai sha gahawar na'ura ba. Dalilin da aka yi mini biza ke nan.

Kafin tafiya an zura mana tsinke a hanci har sai da na yi hawaye. Direba ya ce yau ya ga abin da ya sa Bazamfare kuka. A filin jirgi kuma sai wayarka ta nuna koren launi, alamar ba ka da cutar, ake barinka ka shiga. Muka zauna sa'o'i da takunkumi a fuska. Ni dai barci na yi.

Mun sauka a wani birni a bakin teku, muka karɓi motar haya, muka kama hawa. Hanyar kwalta ce mai kyau, amma lanƙwasarta ta yi yawa, ka juya dama, ka juya hagu, ga rami a gefe wanda ba ka ganin ƙasansa. Mama ta riƙe carbi tun daga gindin dutse. Direba da ya saba da titunan Doha masu faɗi ya yi shiru, karo na farko tun da na san shi. A rabin hanya muka wuce wani gangare da ya ƙone ƙurmus. Itatuwa a tsaye baƙaƙe, ƙasa fara fat da toka, ga akwatunan ƙudan zuma a jere sun zama gawayi. Can nesa wajen yamma hayaƙi ya tokare sama, wani jirgi mai saukar ungulu yana zuwa yana komawa da guga a rataye. Muka ce Allah ya kyauta, muka wuce. Mun ɗauka abin na wasu ne.

A bakin hanya mata suna sayar da kankana da ɓaure da tumatir. Kankana araha ce ƙwarai, abin da za ka sayi yanka ɗaya a Doha a nan ya ba ka guda sukutum. Zuma ce ta yi tsada. Matar ta nuna mana gangaren da ya ƙone, ta buɗe hannuwa. Ba mu buƙaci tafinta ba.

Garin ƙarami ne. Masallaci ɗaya, gidan burodi ɗaya, shagon shayi ɗaya, sai gidaje na dutse da katako da suka hau jikin tudu. Daji ya kewaye shi ta ko'ina, irin itatuwan nan dogaye masu ganye kamar tsinke, masu ƙaro a jiki da ƙamshi kamar turare. Mai gidan da muka sauka dattijo ne mai farin gashin baki, mai kiwon zuma. Shi da matarsa suna zaune a ƙasa, mu a sama. Da ya zo nuna mana ɗakuna ya ɗauki ashana, ya girgiza ta, ya gicciye hannuwansa biyu, ya yi magana mai tsawo yana nuna taga. Direba ya ce mana yana nufin kada a sha taba a cikin gidan katako. Muka ce ba mai sha a cikinmu. Muka yi ta gyaɗa kai, shi ma ya gyaɗa.

Abincinsu ba laifi. Da safe burodi mai zafi, cuku, zaitun, tumatir, zuma, da shayi a ƙananan kofunan gilashi waɗanda kurɓa uku ke ƙarar da su. Abu ɗaya ne ya ba ni haushi, nono suke damawa da ruwa su zuba masa gishiri. Na kurɓa na ajiye. Direba ya shanye nasa ya shanye nawa, ya ce mutumin da bai taɓa cin kenke, tuwon masarar garinsu, ba ba shi da bakin kushe abincin kowa.

Kullum da hantsi lasifikar masallaci takan buɗe, ba kiran salla ba, wani mutum ne yake karanta sanarwa. Duk wanda ke tafiya sai ya tsaya. Mata su leƙo ta taga, masu shayi su ajiye kofi. Na tambayi direba, ya kara wayarsa ta saurara, ya ce hasashen yanayi ne, wai za a yi zafi. Muka yi dariya. Zafin da suke tsayawa saurare, a Doha shi muke kira sauƙi. Har Maigida ya murmusa.

Ranar Talata Maigida ya ce yana so ya sha gahawa a waje, kamar yadda yake yi a sahara. Muka hau mota, muka bi wata hanyar tsakuwa da ta haura bayan gari, muka sami wani fili a cikin itatuwa inda ake hango kwari gaba ɗaya. Wurin ya yi kyau. Ƙasar tana da laushi kamar katifa, na ma ce wa direba a nan ko ba darduma mutum ya yi barci. Na kafa duwatsu uku, na hura gawayin da na zo da shi, na dafa gahawa. Maigida ya sha kofi biyar, ya ci dabino, ya ba mu labarin ƙaninsa suna yara. Tun rasuwar ban ji ya ambaci sunansa ba sai ranar. Mama ta juya baya tana share ido.

Da muka tashi na yi abin da nake yi kullum. Na tona rami, na tura garwashin ciki, na rufe da ƙasa, na tattake. Na watsar da duwatsun murhu, na share wurin da reshe. A sahara haka ake yi. Ruwa na sha ne, ba a zuba wa wuta, yashi ke kashe ta. Kuma ba a barin ƙazanta a inda aka zauna. Na duba aikina na ji daɗi, ko mai bin sawu ba zai ce an hura wuta a nan ba.

Laraba muka sauka kasuwar wani gari a ƙasa, Mama ta sayi zannuwan tebur da busasshen ɓaure. Ba abin da ya faru.

Alhamis da safe na je sayen burodi. Mai gidan burodin mutumin Siriya ne, yaƙi ya koro shi ya zauna a nan, yana jin yaren garin. Larabcinsa daban da na Doha, amma muna fahimtar juna. Ina tsaye lasifika ta buɗe. Sanarwar ta fi ta kullum tsawo, na ga fuskokin mutane sun canza. Na tambaye shi me aka ce.

Ya ce mai unguwa ne yake karanta hasashen kwanakin da ke tafe. Yau bayan azahar iskar arewa za ta taso, busasshiya, mai ƙarfi, za ta yi kwana uku tana kaɗawa. Babu ruwan sama a gaba, ba wannan makon ba, ba na gaba ba. An rufe duk hanyoyin daji tun jiya da yamma. Ya ce ba zafin suke saurare ba, iskar suke saurare.

Na ce to in babu wuta, iska me za ta yi?

Dattijon da muka sauka a gidansa yana zaune a shagon shayi, mai burodi ya faɗa masa tambayata. Dattijon ya ajiye kofinsa. Ya taso, ya ja ni bayan shago gindin wani itace, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannunsa a ƙasa. Hannun ya nutse har kusa da gwiwar hannu. Ya ciro, ya buɗe mini tafinsa. Ba ƙasa ba ce. Busasshen ganyen tsinke ne da ruɓaɓɓen itace, na shekara da shekaru, ya danne juna. Mai burodi ya fassara mini: wuta tana iya kwanciya a ƙarƙashin wannan kwana uku, kwana huɗu, ba hayaƙi, tana bin saiwa a hankali. Ranar da iska ta zo sai ta miƙe. Shi ya sa ya gaya mana tun ranar farko kada a kunna ko ashana a cikin daji.

Na karɓi burodina na tafi. Ban san yadda na iso gida ba.

Na sami direba yana wanke mota, na gaya masa. Ya ajiye tsumma. Ya ce mu je mu biyu mu duba, ba sai kowa ya ji ba. Muka hau mota. A bakin hanyar tsakuwa an gicciye gungume, maza huɗu na garin suna zaune da sanduna. Suka leƙa motar, suka dube mu, suka dubi kujerun baya, suka nuna mana mu juya. Ba su yi mana rashin mutunci ba, amma kallon ba na wasa ba ne. A kwanakin nan ana ta raɗe-raɗin cewa wasu baƙi ne ke cinna wa dazuzzuka wuta da gangan.

Direba ya tsayar da mota a gefen hanya. Ya ce, “Yaya, ka ga idon mutanen nan? Mu baƙi ne, kuma baƙaƙe. Ka ce kai ka kunna wuta a dajinsu, wa zai tsaya jin zancen gahawa?”

Na ce ba wanda zai tsaya.

“To ka yi shiru. Kwana biyu fa. Wataƙila ta mutu tuntuni. Kana da yara huɗu a Gusau suna cin albashinka.”

Na ce, “Wataƙila ta mutu.”

“To?”

“Wataƙila ba ta mutu ba.”

Gaskiya ya faɗa, ban ƙi ba. In aka kama ni, aiki ya tafi, ƙila har da kurkuku. Amma akwai abin da bai sani ba sai ranar. Ƙauyenmu ƙona shi aka yi. Ina kwance a cikin gonar dawa ina kallo, rumbuna suka fara, sannan ɗakuna. Mahaifiyata ba ta fito ba. Waɗanda suka yi mana haka da gangan suka yi. Amma wanda ke tsaye yana kallon gidansa na ci, ba ruwansa da gangan ne ko kuskure. Na gaya masa haka a taƙaice. Ya tayar da mota.

Maigida yana zaune a baranda. Na tsaya a gabansa na ce, “Baba, na yi ɓarna.” Na faɗa masa komai. Na ɗauka zai ce khalas, wato shi ke nan, a haɗa kaya mu sauka birni kafin azahar, don yana da ikon yin haka. Sai ya ce in miƙo masa sandarsa.

“Wa ya ce a dafa gahawa a can?”

Na ce shi ne.

“To ni zan yi magana. Yalla, mu je.”

Muka sauka mu uku, direba ya ruga ya kira mai burodi da garin fulawa a hannunsa. Maigida ya yi bayani, mai burodi ya juya. Ina kallon fuskar dattijon nan mai zuma. Ta yi ja, sannan ta yi fari. Matarsa ta dafe ƙirji, don amyoyinsu suna ƙasa kaɗan da filin da muka zauna, gidajen gari kuma suna ƙasa da amyoyin. Dattijon ya yi wata magana guda da ƙarfi. Mai burodi bai fassara ta ba, ni ma ban tambaya ba. Sannan ya dubi agogo, ya dubi kan itatuwa. Ganye bai fara motsi ba.

Kowane gida a garin yana da tankin ruwa a kan tirela, cike, a shirye tun farkon bazara. Kafin mu farga dattijon ya ɗaura nasa a tarakta, ya jefa shebur da manjagara da diga. Ni da direba da mai burodi muka ɗare tirela. A wurin gungume ya yi wa mazan nan magana biyu, suka janye, biyu daga cikinsu suka biyo mu da nasu kayan aikin. Ba wanda ya dube ni. Na fi so a ce sun zage ni.

Da muka isa sai wata matsalar. Fili ya fi ɗaya, itatuwa duk kama ɗaya, ni kuma na share wurin sarai. Muka yi ta zagaye. Dattijon yana tambaya ina ne, ina nuna nan, ina nuna can. Tsabtar da nake taƙama da ita ita ta hana mu gani. Rana tana hawa. Direba ne ya durƙusa ya ɗago wani abu, ƙwallon dabino. Ga wani, ga wani. Maigida yakan tofar da su gefen damansa, ni kuma na manta ban tsince ba. Daga nan na gane inda ya zauna, na auna taku huɗu zuwa murhu.

Na sa tafin hannu a ƙasa. Sanyi. Na tona, na sami gawayina, baƙi, matacce. Direba ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Ni ma na saki numfashi.

Dattijon bai saki nasa ba. Ya tuɓe takalmi, ya fara takawa a hankali yana kewaya ramin, kewaye bayan kewaye, kowanne ya fi na baya faɗi. Wajen taku shida daga ramin, kusa da wani tsohon kututture, ya tsaya cak. Ya kira ni da hannu. Na dafa wurin. Zafi kamar bayan tukunya. Ya sara da diga sau ɗaya, hayaƙi ya fito, a ƙarƙashi ja wur. Wutar ta bar inda na sa ta, ta bi saiwa, ta shiga gindin kututturen tana ci.

Na shekara talatin ina hura wuta. Ban taɓa ganin ta yi tafiya a ƙarƙashin ƙasa ba.

Ba mu zuba ruwa nan take ba, ya hana. Sai da muka yanke rami kewaye da wurin, muka kankare duk ganyen har muka tarar da ƙasa ta gaske mai tsakuwa. Sannan aka kunna tiyo. A zuba, a juya da shebur, a ƙara zubawa, a farfasa kututture, a juya. In ka ɗauka an gama, sai ya kama hannunka ya juya bayansa ya dafa a cikin taɓon, wai bayan hannu ya fi tafi jin zafi. Sau uku muna samun wurin da bai mutu ba. Tanki ya kusa ƙarewa kafin ya yarda. Hannuna ya yi bororo biyu. Direba, wanda ko tayar mota ba ya son canzawa, ya yi baƙi ƙirin da toka har gira.

Mun yi azahar a wurin, mu shida, da ragowar ruwan tanki muka yi alwala. Mai burodi ya ja mu. Muna cikin tahiya na ji kan itatuwa ya fara ƙara, kamar babbar mota tana tahowa daga nesa. Kafin mu sallame iskar ta iso. Busasshiya ce, tana busar da leɓe nan take, tana kwasar ganye tana watsawa. Ta zo a lokacin da lasifika ta ce za ta zo. Muka zauna muna kallon taɓon nan har la'asar. Bai yi hayaƙi ba.

Maganar ba ta ƙare a nan ba. Dattijon ya ce dole a gaya wa mai unguwa, kuma gaskiyarsa ne. Washegari wani ma'aikacin gandun daji ya zo, ya hau ya duba, ya dawo ya yi rubutu mai tsawo. Aka ci tara, Maigida ya biya, ni na dangwala yatsa. Ma'aikacin ya ce ta bakin mai burodi, da yawa suna yin irin wannan, kaɗan ne ke dawowa su faɗa. Bai yi murmushi ba da ya faɗa. Labari ya zaga gari. A shagon shayi wasu suka daina amsa sallamata, wasu kuma suka fara.

Kwana uku iskar tana kaɗawa. Wuta ta tashi a wani kwari can gabas, muna ganin hayaƙinta, toka tana sauka a kan mota kamar gari. Mama ta haɗa jakunkuna ta ajiye a bakin ƙofa. Matan gari su ma sun ɗaure nasu, sun saki awaki daga turke don kada wuta ta same su a ɗaure. Amma ba ta zo ba. A dutsenmu ko tartsatsi bai tashi ba.

Dattijon mai zuma kwana biyu bai yi mini magana ba. A na uku ya buga ƙofa da safe, ya miƙo mini tabaron hangen nesa, ya nuna wani tsauni. A garin suna da tsari, duk bazara magidanta suna karɓa-karɓa, mutum biyu su wuni a kan tsaunin suna duban hayaƙi. Ranar tasa ce, abokin zamansa ba shi da lafiya. Na nemi izinin Maigida, ya ce in tafi, yau zai gwada gahawar na'ura ya ga ko tana kisa.

Mun wuni a can, ni da shi, ba mai jin yaren wani. Ya nuna mini yadda ake bambanta ƙura da hayaƙi, da inda iska ke shigowa kwari. Da rana ya buɗe ƙunshi, burodi da cuku da nonon nan mai gishiri. Na shanye. Kafin mu bar garin sau biyar ina hawa tsaunin. Kullum da hantsi kuma ina gidan burodi, in lasifika ta buɗe in tsaya kamar kowa, in ta rufe in tambaya me aka ce. Direba ya ce saura kaɗan a naɗa ni mai unguwa.

Maigida ma ya sami abin yi. Kullum yana shagon shayi da sandarsa, yana buga wani wasa mai kama da dara da tsofaffin garin, suna cinye shi yana musu da Larabci. Mama ta ce rabon da ta ji muryarsa haka tun kafin korona.

Sanarwar ranarmu ta ƙarshe ta fi sauran daɗi. Iska ta faɗi, laima za ta hauro daga teku, ana sa ran hadari wajen ƙarshen wata. Ba a buɗe daji ba tukuna, an ce a ci gaba da tsaro. Mutane suka koma shan shayinsu. Da za mu shiga mota dattijon ya kama hannuna, ya juya, ya duba inda ya yi bororo, ya ga ya warke. Ya daki kafaɗata sau biyu. Iyakar sallamarmu ke nan.

Gangarowa ta fi hawa sauƙi. A gangaren da ya ƙone mun ga mutane suna kwashe baƙaƙen itatuwa, wani yana jera sababbin akwatunan zuma a gefe. Aka sake zura mana tsinke a hanci, muka hau jirgi. Mun sauka Doha da yamma, ƙofar filin jirgi tana buɗewa zafi ya rungume mu, tabaron direba ya yi hazo. Kafin mu dawo har an gama wata gada da muka bari ana tono.

Masu tambayata me na gani a Turkiyya, ga shi. Na tafi ina ganin ba abin da wani zai koya mini a kan wuta, ashe wutar yashi kawai na sani. Yanzu in na sauka a wurin da ba nawa ba, in na ga mutane sun tsaya suna sauraren wani abu, zan nemi wanda zai gaya mini me aka ce, ba zan yi dariya ba. In kuma na yi kuskure zan faɗa da wuri. Da na ƙara rabin wuni ina tunanin kaina, da iska ta riga mu zuwa.

Jiya mai burodi ya aiko wa direba saƙon murya. Ba magana a ciki sosai, ƙarar ruwa ce a kan kwanon rufi, sai muryarsa daga baya yana cewa an fara tun safe, an janye gungume daga hanya, dattijo ya hau duba amyoyinsa. Na ce direba ya sake kunna mini. Ya kunna sau uku, sannan ya ce in bar shi ya je ya wanke mota.